Mai Laima da Ɓarawon Inuwa

Babana mahauci ne a babbar kasuwar Garwa. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, da tsofaffin takardu yake naɗe wa mutane nama, kuma a cikinsu nake tsintar yagaggun shafukan littattafan zane na Faransanci. A lekol kuwa, wato makarantarmu ta boko, akwai wani Usmanu, ɗan wani attajiri, wanda ake kawo masa irin waɗannan littattafai sababbi fil daga Duwala. Shi ke raba mana matsayi a wasan jarumai: wannan mai tashi sama, wancan mai ɗaga mota. Ni kullum sai ya toshe hanci ya ce, "Jaruman takardar nama ba sa shiga wasanmu."

Ranar da abin ya fi yi mini ciwo, na dawo gida na ƙi cin tuwo. Bayan magariba kakarmu Inna Balaraba tana bakin murhu tana soya gyaɗa, ƙannena sun kewaye ta. Ta dube ni ta ce, "Angona, wa ya taɓa mini kai?"

Na miƙa mata shafin da ke aljihuna, duk maiƙo. Wani ƙato ne a jiki da buhu a kafaɗa, can a kusurwa kuma ga wata gajeriyar mata riƙe da laima. Rubutun ya yage, ko sunanta babu.

Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ta karkata takardar wajen hasken wuta, ta daɗe tana kallo, sannan ta tafa hannu. "Ashe ita ce! Wannan ai Mai Laima ce. Ku matso ku ji."

Ta ce ƙaton nan Ɓarawon Inuwa ne. Ya sauka Garwa ana tsakiyar bazara, ya bi gari yana naɗe inuwa kamar tabarma yana cusawa a buhu: ta dalbejiya, ta rumfunan kasuwa, har ta kwalekwalen da ke bakin kogin Binuwai. Manyan jarumai suka taso masa da tsawa da naushi, rana ta kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa Mai Laima ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe 'yar laimarta a tsakiyar kasuwa ta ce kowa ya shigo. Duk wanda ya shigo, sai laimar ta ƙara faɗi, har ta rufe gari da shanunsa. Aka bar ɓarawo shi kaɗai a rana, ƙoƙon kansa na tafasa.

Inna ta kumbura murya kamar ta ɓarawon: "Baiwar Allah, a sam mini wuri!" Sai kuma ta siranta ta kamar ta Mai Laima: "Wuri akwai, amma buhu ba ya shiga a ɗaure." Ya kwance bakin buhu, inuwoyi suka fito a guje, kowace ta koma gindin bishiyarta. Muka yi ta ihu har gyaɗa ta kusa ƙonewa.

Washegari na ɗauki tsohuwar laimar Inna zuwa lekol. Da aka fita hutu, rana na dukan tsakar fili, na buɗe ta na fara ba da labarin da ƙarfi. Yaro ɗaya ya shigo, wani ya biyo shi, waɗanda ba su samu wuri ba suka riƙe rigunan na ciki. Usmanu ya tsaya can da littafinsa, gumi na zuba. Daga ƙarshe ya matso ya ce, "Bello, ni zan zama ɓarawon?" Na ce ya ɗauko buhu. Har ƙarshen shekara ba a sake wani wasa ba sai namu.

Da na girma na tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai daga Marwa har Yawunde, ba wanda ya taɓa jin labarin wata jaruma mai laima. A sannan na fahimci abin da Inna ta yi: ta ga an tura jikanta gefe, sai ta ɗauko wadda aka tura gefen takarda ta ba ta gari guda ta ceta. Bara na je unguwarmu, na iske yara suna wasan Mai Laima, na tsaya ina ba su labarin. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta katse ni ta ce, "Baba, ba haka ba ne. Zauna in gaya maka daidai." Na zauna.