Warwaron da Aka Goge

Innarmu ba ta taɓa yarda da zinari ba. Cewa take yi ƙarfe ne marar kunya, ko mai shi na kwance rai a hannun Allah shi ƙyallinsa kawai zai ci gaba da yi. Azurfa ce tata. Tana da munduwa mai nauyi da ta gada wurin kakarmu, da siraran warwaraye da take zubawa ranar biki, da zoben da ba ya barin yatsanta sai in za ta ƙunsa lalle. Mun tashi a gidanmu na Anka, mu uku mata da wanmu guda, muna jin magana biyu daga bakinta game da azurfa, kuma a cikinmu ba wadda ta taɓa lura cewa maganganun nan biyu suna karo da juna.

Ta farko ita ce, macen da ta bar azurfarta ta yi baƙi ƙazama ce, ko da kullum sau uku take wanka. Saboda haka gugar azurfa a gidanmu aiki ne mai ƙa'ida. Tokar karan dawa take ɗiba, ba ta itace ba, ta tankaɗe ta har sai ta yi laushi kamar garin kunu. Ta matsa lemun tsami a kai, ta dangwala da tsumma mai taushi, ta bi warwaron a hankali tana juya shi. Masu zane, waɗanda baƙin ke maƙalewa a lungunansu, sai ta jiƙa su a ruwan tsamiya tukuna. Ta ɗauraye da ruwa mai kyau, ta tsane su sarai, don ta ce laima ce ke fara kiran baƙin, sannan ta naɗe a farin ƙyalle ta kai ƙuryar ɗaki, nesa da hayaƙin murhu. Ranar da na yi wayo na ɗebo yashi don in gama da wuri, ban gama da wuri ba. Na sha rankwashi, warwaron kuma har yau yana nan da ƙarce-ƙarcensa.

Magana ta biyu ita ce azurfa tana jin jiki. In ciwo ya shiga mutum, ita ce ke fara shan sa, ta yi baƙi tun kafin mai ciwon ya san yana da shi. Ba Inna kaɗai ke faɗin haka ba, yawancin tsofaffin unguwarmu sun yarda da shi. Amma ita ta ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Da muka fara haihuwa ta kai munduwar kakarmu wurin maƙeri aka narka, aka fitar da ƙananan warwaraye, kowace jika mace ta sami nata. In aka kawo mata yarinya, kafin ta dubi fuska sai ta kama hannu ta duba warwaro. Mukan yi mata dariya mu ce Inna ta buɗe asibiti ba allura.

Yanzu na san abin da ke baƙanta azurfa, kuma ba a makaranta na koya ba. A kasuwar Gummi, inda aure ya kai ni, akwai wani tsoho mai ƙirar azurfa da nake kai wa gyara. Shi ya ce mini farar wuta ce babbar abokiyar gabar azurfa, kuma tana ɓoye a abubuwan da ba a zato: a ƙwai, a albasa, a hayaƙi, a robar da ake ɗaure kaya, har da iskar da ke tashi daga kwata. Gumi ma yana taimakawa, da man shafawa da turare. Ya ce baƙin a sama yake tsayawa, ba ya shiga ciki, shi ya sa toka ke ɗauke shi. Na tambaye shi ko azurfa na gane ciwo. Ya yi murmushi ya ce da tana ganewa da ya daɗe da rufe maƙera ya koma duba. Sai dai wannan sanin ya zo mini ne bayan abin da zan faɗa ya riga ya faru.

Ƙannena biyu gida ɗaya aka kai su, gidan kawunmu a wani ƙauye kudu da Anka, suna auren wa da ƙane. Mai bi mini wajen tsabta Inna ce ta biyu. Tsakar ɗakinta ko allura ta faɗi za ka gani, kwanukanta a jere, yaranta fes. Autarmu kuwa Allah ya yi ta da sanyin jiki da yawan dariya. Takan bar wanki ya kwana a jiƙe, in an yi magana ta ce ai yana hutawa ne. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kusan lokaci ɗaya suka haifi 'ya'ya mata, kowace da warwaronta a hannun hagu.

A shekarun nan ne zinari ya shigo ƙauyukan. Maza suka rage zuwa gona, suna kwaso duwatsu a buhuna su kawo har cikin gida. Mata na daka su a turmin da ake daka hatsi, ana niƙawa a inji a ƙofar gida, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta bi ko'ina, har kan tuwo. Ba wanda ya san cewa a cikin duwatsun akwai dalma mai guba. Gidan kawu suka yi rufin kwano, suka sayi babura, mu na gari har muna yi musu kallon waɗanda suka tsallake.

Sai yara suka fara mutuwa a wasu ƙauyuka. Yaro na wasa, sai amai, sai sanƙarewa, sai a ɗauke shi. Likitoci suka zo daga nesa suka zauna a asibitin gari, suna ɗibar jinin yara suna aunawa. Suka ce gubar takan daɗe a jikin yaro ba ta nuna komai, don haka a kawo har masu lafiya. Mazan gidan kawu suka ƙi. A gidansu ba wanda ya kwanta, kuma sun san in aka sami gubar a jikin yaro ɗaya, za a zo a hana daka dutse a gida. Suka ce ba mai taɓa jinin 'ya'yansu.

Ana cikin haka matar wanmu ta haihu, da damina, muka hallara a Anka don suna. Ƙannena suka iso da hantsi a bayan babura, goye da yaran. Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta tana gyaran goro. Mai bi mini ta fara miƙa tata. Inna ta kama hannun yarinyar, warwaron na ƙyalli kamar ranar da aka ƙera shi.

"Wagga lahiya lau take," in ji Inna. Ta shafa kanta ta ba ta ƙuli-ƙuli.

Auta ta tsaya baya-baya tana gyara goyo, don ta san halinta. Da aka sauke yarinyar Inna ta kama hannu ta duba. Warwaron ya yi baƙi ƙirin, ba irin dushewar da muka saba gani ba, baƙi har da shuɗi-shuɗi. Muka jira faɗan ƙazanta, bai zo ba.

"Tun yaushe yay yi haka?" ta tambayi Auta.

"Inna, wallahi na so in goge shi, aiki ne yay yi min yawa."

"Ban tambaye ki guga ba. Tun yaushe?"

Auta ta ce bai daɗe ba, kuma lokaci ɗaya ya juye. Inna ta ɗauki yarinyar ta aza a cinya, ta ja mayafinta ta rufe ta. Har aka watse daga sunan ba ta sauke ta ba. Yarinyar kuwa ba abin da ke damunta a ido, sai 'yan ƙurajen ƙazuwa a tsakanin yatsu, waɗanda uwar ke shafa wa farar wuta da man kaɗanya safe da yamma. Na ga ƙurajen, na ji warin maganin, ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar mazan suka zo ɗaukar iyalansu. Mijin Auta ya yi sallama ya durƙusa a zaure, Inna ta fito da yarinyar a kafaɗa. Ɗan wanta ne, ita ta yi masa wanka yana jariri, don haka ba ta ɓoye masa fuska.

"Matarka ka iya tahiya da ita," ta ce. "Ɗiyag ga ba ta zuwa ko'ina sai likita ya ga jininta."

"Gwaggo, yarinya lahiyatta lau. Ki dube ta, wasa takai."

Inna ta ɗaga hannun yarinyar ta sa masa warwaron a gaban ido. "Kai dubi wanga. In kana da ƙarhin ƙwace ta daga hannuna, bismilla."

Ya sunkuyar da kai. Wansa, mijin mai bi mini, yana tsaye a waje riƙe da babur, ya leƙo ya ce to shi tasa fa? A cikin muryarsa akwai shirin rigima. Inna ta ce tasa ba ta da komai, ta duba. Na tuna mai bi mini ta ɗan tsaya a bakin zaure da goyonta, tana duban Inna, kamar mai jiran a ce ita ma ta zauna. Ba a ce ba. Ta hau babur suka tafi suna sauri kada hadari ya tare su.

Washegari muka kai 'yar Auta asibiti. Da sakamako ya fito, likitar ta ce a kwantar da ita nan take, gubar ta yi yawan da ko yaushe za ta iya kayar da ita. Ta tambaya ko akwai wasu yara a gidan, ta ce a kawo su duka ba tare da ɓata lokaci ba. Wanmu ya hau babur ya tafi, ya dawo shi kaɗai. Mijin mai bi mini ya ce an riƙe ɗaya ya isa, kuma ai Gwaggo da bakinta ta ce tasa lafiya lau. Inna ta ce za ta je da kanta. Sai ruwa ya ɓalle, rafin da ke kan hanyar ya cika ya hana ko babur wucewa. Kafin ya janye, 'yar mai bi mini ta sanƙare a hannun uwarta.

A kafaɗa aka ƙetaro da ita. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ta rayu, amma ba ta dawo yadda take ba. Yau budurwa ce, doguwa, kyakkyawa, ba ta magana, ba ta iya kai loma bakinta sai an ba ta. 'Yar Auta kuwa ta sha maganinta ta warke, tana makarantar sakandare, ta gado dariyar uwarta da ƙyuyar wanki. Ina son su duka biyu, amma ba na iya ganin su tare a tabarma ɗaya ban tashi na nemi wani aiki ba.

Daga wannan daminar Inna ba ta sake kama hannun jika ta duba ba. Ba ta ce ta daina yarda ba. In an kawo mata yaro sai ta rungume shi ta tambayi uwar ko an kai shi awo. Haka har ta rasu.

Bayan tsohon maƙerin ya yi mini bayanin farar wuta, na kwana biyu ina juya abin. Ashe maganin ƙazuwa ne ya baƙanta warwaron 'yar Auta, ba guba ba. Ashe da mai bi mini ta bar na 'yarta ba guga, iyakarsa ya ɗan dushe, dalma ba ta taɓa shi. Na san tun ranar sunan take ɗauke da wani nauyi, don Auta ta gaya mini cewa a daren da za su taho, mai bi mini ta zauna da toka da lemun tsami ta goge warwaron tas, don kada Inna ta ga ƙazanta a hannun 'yarta. Na ga ya kamata in kai mata wannan labari, ko zai rage mata wani abu.

Na same ta a tsakar gida tana yi wa yarinyar kitso. An daɗe da kankare tsohuwar ƙasar gidan an zuba sabuwa, ba a daka dutse a ciki yanzu. Na zauna na kwashe duk abin da maƙerin ya faɗa na gaya mata, ƙwai da albasa da hayaƙi da farar wuta. Na ce azurfa ba ta san dalma ba, gugar da ta yi ba ta ɓoye komai ba, don babu abin da warwaron zai nuna tun farko.

Ta saurare ni har na gama, hannunta bai bar kitson ba. Ta kai ƙarshen layin, ta goge yawun da ya zubo wa yarinyar da gefen zanenta.

"Yaya, na daɗe da sanin azurhwa ba ta gane komi," ta ce. "Ba shi ad damuwata ba. Da na bar shi da dauɗa tai, ko kaɗan ta, da Inna ta riƙe min ita."