Tulun Kaka Ilu da Bokitina na Roba

Duk wanda ya san kakana Malam Ilu a Tafoki ya san abin da yake yi in ya dawo Juma'a. Kafin ya tuɓe babbar riga sai ya sauke tulun nan da ke rataye saman murhu, ya ɗauko dunƙule ɗaya na abincin ƙugiyarsa, ya gatsa. In ya ji ƙaras, sai ya gyaɗa kai ya rufe.

"Malam, abincin kifi fa kake ci," in ji kakata Hajjo.

"Abin da ban ɗanɗana ba, ba ni ba baƙo."

Sau ɗaya yake haɗa shi a shekara, in gina ta fito da ruwan farko. Ya daka ta da dusar gero da ƙuli-ƙuli da ɗan daddawa, ya cura ƙanana kamar gujiya, ya shanya a inuwa. Sannan ya jera a tulun: toka, dunƙule, toka, dunƙule, ganyen bedi, wato dogon yaro, a baki. Nan za su kwana har bayan kaka, lokacin da ruwan rafi ya ja, tarwaɗa ta taru a gurbi. Hajjo ta taɓa soya mana ginarsa, ya yi kwana uku yana gaishe ta da "Sannu, tarwaɗa."

Shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa aka fara kawo kifin ƙanƙara kasuwar Yankara. Aka sayo mashi ɗaya don a burge shi. Ya juya shi, ya duba idon.

"Wannan ba kama shi aka yi ba. Tsinto shi aka yi."

A shekarar nan ƙafafunsa suka fara ƙin shi. Yana cura dunƙulen yana ce mani, "Amaryata, wannan ne na ƙarshe. Baɗi ko rafin ya zo ƙofar gida ba ni iya tsugunno." Ina sabon aure lokacin, gidanmu katanga ɗaya da nasu. Maigidana yana leburan titi, ya sayo mani bokitin roba ja mai murfi daga Funtuwa. Na ga tulun Kaka ya yi baƙi, ya tsage a wuya. Ranar Asabar, yana gona, na kakkaɓe tokar tas, na juye dunƙulen cikin bokitina, na danne murfi. Har ina jiran godiya. Tsakiyar Agusta fa.

Juma'a ya buɗe. Hunhuna ta yi masu gashi fari, wari kuma har zaure. Ga gina ta wuce sai wata shekara.

Ya daɗe yana kallo. Ni na ma kasa kuka.

"Tulu yana numfashi, amarya," ya ce. "Wannan kishiyar tasa ba ta yi." Ya miƙo mani bokitin. "Wanke ki zuba zannuwa. Yana da kyau, ja ne."

Bai sake ɗaga maganar ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo. Da ruwa ya ja, sai ga shi da sandarsa yana leƙo katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin iya tonon tana?"

Shi da yake cewa tana ta malalata ce, ko kaza ta iya nemo ta. Na tono mashi cikin gwangwani a gindin randa, maigidana ya ɗora shi a keke. La'asar suka dawo da tarwaɗa biyu, ya ba ni babbar.

"In masu fatsar garin nan suka ji da me na kama, na sake ki."

Ban faɗa wa kowa ba sai yau. Bai ƙara ganin rafi ba, damina ta gaba na tsayawa ya rasu.

Allah, bawanka ya yafe mani tun ban roƙa ba. Kai ma ka yafe mashi, ka sanyaya makwancinsa, shi da Hajjo.