Damben da Aka Sa a Tele

Mijina mahauci ne ɗan mahauta, kuma kafin aurenmu ɗan dambe ne da ake ji da shi a unguwarmu, Kilomita Biyar. Babana bai ba shi ni ba sai da ya kwance zaren hannunsa ya yi alkawarin ya bari. Ya kuwa riƙe alkawarin. Ya tsaya kan teburinsa na nama a kasuwa, ya yi tumbi, har nakan tsokane shi cewa yanzu ko akuya ta ture shi sai ya faɗi.

Yayansa ne ya jawo mana. Mutum ne mai zaƙin baki, in ya zauna da kai sai ka ga riba a inda babu ko uwar kuɗi. Yana da gidan kallo a bayan titin Koudoukou, rumfar kwano da bencuna, inda yake nuna ƙwallo da damben Turawa. Ganin yadda samari ke cika rumfar ranar dambe, sai ya ce me zai hana a ɗauki namu na mahauta a sa a tele, wato talabijin? Ya samu wata ƙaramar tasha ta yarda ta ba shi fili ranar Lahadi bayan la'asar, kai tsaye. Wani mai sayar da shinkafa da wani mai sabulu suka ce za su ɗauki nauyi, a riƙa sa tallarsu a tsakani.

Da farko abin ya karɓu. Har mutanen unguwar Miskine, waɗanda tun bayan rikicin da aka yi a garin ba su cika ƙetarowa wajenmu ba, suka riƙa zuwa filin damben. Yaya ya ɗinka sabuwar riga, yana yawo ana ce masa patron, wato uban gida.

Sai dai dambenmu ba a yi shi don tele ba. A wajenmu, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare, wanda ya buge ka ma shi zai ɗaga ka. Wani wasan kafin ka gyara zama an gama. Wani kuma sai 'yan damben su yi ta zagaya juna, hannu a miƙe, ba wanda ya kai bugu, har a raba su. Masu kallo a gida suka fara gajiya, suna juyawa zuwa ƙwallo. Mai sabulu ya janye. Mai shinkafa ya ce shi ma yana kan hanya.

Mutumin tashar ne ya kawo wata shawara. Ya ce a yi kamar na Turawa: wanda ya faɗi a ƙirga masa, in ya tashi a ci gaba. Tsofaffin 'yan dambe suka ce ba da su ba. Turawa safa mai laushi suke sawa. Namu hannu ana naɗe shi da ƙyalle, a bi shi da igiya a ɗaure tamau har ya koma kamar taɓarya. Bugu ɗaya ake ɗauka a kwanta, shi ya sa tun kakanni ba a tashi a ƙara.

Da manyan suka ƙi, Yaya ya zo gidanmu wajen maigidana. Ina daga kicin ina jin su.

"Sunanka kawai nake so," in ji shi. "In aka ji ka dawo, gari zai cika. Wasa ɗaya. In abin nan ya rushe, ban san da idon da zan kalli mutane ba."

Na fito da ludayi a hannu. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri in sa baki. Ƙanenka ya girma. Kuma wannan da kuke shirin yi ba dambe ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, ke dai tanadi tukunya, za ki dafa na murna."

Maigidana ya yarda, yadda na san zai yi. Yayansa ne ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, bai taɓa iya ce masa a'a ba. Babana kuwa ya riga ya rasu, babu wanda zan kai ƙara wajensa. Na yi faɗa, na yi kuka, na daina yi wa maigidana magana. Ya ce mini, "Maman yara, in na faɗi zan zauna abina, ba wanda zai tashe ni dole." Na so in yarda, amma tsoro bai bar ni ba.

Ranar Lahadin ban je filin ba. Na shiga gidan maƙwabciyata, don su suna da injin wuta. Mata sun cika ɗakin. Na ga maigidana a cikin akwatin tele, ƙarami, tumbinsa a waje, makaɗa na zuba masa kirarin da rabona da jin sa tun ina budurwa. Abokin karawarsa saurayi ne dogo, sabon zuwa daga Nijar, jikinsa duk jijiya.

Ba su daɗe ba saurayin ya same shi a gefen kunne. Ya durƙusa. Wallahi sai na ji daɗi, na ce alhamdulillahi, an gama. Saurayin ma ya miƙa hannu zai ɗaga shi yadda aka saba, alƙalin wasa ya ture shi gefe ya fara ƙirga. Filin ya ɗauka da Sango, yaren garin, "Londo, londo," wato ya tashi. Makaɗa suka ƙara wuta. Na ga ya ɗaga kai yana duban wajen da yayansa yake zaune. Ya dafa ƙasa ya miƙe.

Na ce da akwatin, "Zauna mana." Matan suka juyo suna kallona.

Bugu na biyu a wuri ɗaya ya sauka. Ya faɗi, ya sake tashi, ƙafafunsa na harɗewa, hannun da yake karewa da shi ya sauka ƙasa. Saurayin ya ja da baya yana waige-waige, shi ma a tsorace yake, ana ta tura shi. Da ya kai na ukun, maigidana ya tafi ta baya gaba ɗaya, kansa ya daki ƙasa. Nan take tashar ta sa tallar shinkafa.

Ban san sanda na fita ba. Takalmi ɗaya ne a ƙafata. Na tare ɗan babur, duk hanya ina salati ina dukan bayansa ya ƙara gudu. Tsoron da na ji a kan babur ɗin nan ban taɓa jin irinsa ba, ko lokacin da harsashi ke wucewa ta saman kwanonmu. Na iske an sa shi a bayan wata mota, jini na fita ta kunnensa, ana fama da igiyar hannunsa ta ƙi kwantuwa, sai da aka yanke ta da wuƙa.

Ya rayu. Ya yi makonni a asibiti, ya dawo gida da magana a hankali da hannu mai rawa, bai ƙara riƙe wuƙar fawa ba. Abubuwa da yawa sun ɓace masa, har da ranar gaba ɗayanta.

Yaya ya samu abin da yake so na ɗan lokaci. Mai sabulu ya dawo, gari ya yi ta maganar. Amma 'yan dambe suka gudu, ba mai son ya zama na gaba, masu kallo kuma da suka ɗanɗana wancan ba sa son komai ƙasa da shi. Tashar ta rasa abin nunawa, sai ta riƙa maimaita wasan maigidana, har shirin ya mutu.

Wata Lahadi ina wanki a tsakar gida, na ji kiɗan kalangu daga ɗaki. Yara sun kunna tele sun fita. Na shigo da gudu da kumfa a hannu don in kashe, na same shi zaune ya zuba wa akwatin ido. An kai wajen faɗuwar farko, mutumin ciki yana dafa ƙasa zai miƙe.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Maman yara, zo ki gani. Wannan ai an kashe shi, me ya tashi yi? Ba shi da kowa ne da zai hana shi?"