Ni ke da ciwon, Rakiya ke shan sassaƙe

'Yan uwa da abokan arziki, na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Maganar da zan yi yau kuwa ta haura shekara sittin a cikina. Abin da ya fito da ita: watan jiya a layin asibiti na ji wata dattijuwa tana yi wa surukarta faɗan rashin haihuwa, ɗanta na zaune gefe da maganin ciwon hanji a hannu, bai ce uffan ba. Na san wannan shirun.

Ciwona ya fara a shekarar ƙuri'ar Ee ko A'a ta zamanin mulkin Faransa, ina saurayi, ina aikin rubutu a biro, wato ofis, a Damagaram. Murɗar ciki da farko. Sai zawo, sai majina, sai jini. Na koma ba na zama nesa da makewayi.

Aka ce atini ne. Na sha allurai masu zafi, aka yi ta duba bayan gidana a madubin likita, ba a ga ƙwaro ba. Na rame har wandona sai da igiya. Daga baya wani likita Bature ya leƙa hanjina da bututun ƙarfe mai fitila, gwajin da har yau ba na son tunawa. Ya ce ba ƙwaro ba ne, hanjin ne da kansa ke kumbura yana gyambo.

"Ba ya warkewa," in ji shi. "Amma yana kwanciya."

Ya rubuta mini wata ƙwaya rawaya da ake aiko masa daga Faransa. Tana cin kashi mai tsoka na albashina, tana mayar da fitsari kamar ruwan kurkur. Amma jini ya tsaya. Na yi ƙiba, na auri Rakiya, 'yar wani manomin gyaɗa a ƙauyen Gaffati.

Shekara ta zagayo ba ciki. Ta biyu ta kama hanya.

A wajenmu a lokacin, idan gida bai ji kukan jariri ba, mace ake duba. Ba wanda ya yi mugunta, haka kowa ya taso ya tarar. Inna, mahaifiyata, ta ɗauki aikin da gaske: rubutun sha daga wani malamin unguwar Birni, turare, saiwoyi daga ƙauyen Guna, da wani sassaƙe mai ɗaci da Rakiya ke sha da asuba tana rufe ido. Ni kuma in haɗiye ƙwayata in tafi biro. Mu biyu muna shan magani a gida ɗaya, ba wanda ya taɓa haɗa nawa da nata.

Na taɓa ce wa Inna ko ni ma a duba ni. Ta ce namijin da ya tashi daga wannan ciwo har yake cinye tuwon mutum biyu, me za a duba masa.

Mahaifin Rakiya ya zo da kansa. Cikin ladabi ya ce ba ya son 'yarsa ta tsare mini gida. Idan aka gama cinikin gyaɗa babu labari, zai zo ya tafi da ita, ba faɗa ba gaba. Na ce ban yarda ba. Rakiya ta ce ta yarda, ta gaji da kallon da ake mata a gidan suna. Wannan ya fi jinin tsorata ni.

Ana shirin karɓar mulkin kai, likitan ya koma ƙasarsu tun kafin damina ta sauka. Ƙwaya ta ƙare, ba mai aikowa. Na yi watanni ba magani, kullum ina duba bayan gida da fargaba. Da aka fara yankan gero jinin ya dawo, ya fi na da. Aka kwantar da ni, ana ƙara mini ruwa, kunu kawai ke shiga.

A gadon nan Rakiya ta kawo kunu wata safiya, ta zauna, ta ce ƙasa-ƙasa: "Malam, ka daure ka tashi. Wata biyu ke nan ban ga al'ada ba."

Aka yi ta yi wa malamin Birni godiya. Aka haifi Saratu. Wani sabon likita ya samo mini ƙwayar, ciwo ya kwanta, na ci gaba da sha. Ba mu sake haihuwa ba, aka ce rabon Rakiya ɗaya ne.

Bayan kusan shekara ashirin, ina aikin jarida a Yamai, na ci karo da bayani a wata mujallar likitoci ta Faransanci: wannan ƙwaya tana rage ƙarfin maniyyi, kuma idan aka daina, bayan 'yan watanni yana dawowa. Likitana na farko bai sani ba, a zamaninsa ba a gano ba. Na lissafa watannin Saratu, suka faɗa daidai lokacin da magani ya yanke.

Na fassara wa Rakiya.

"Ashe ɗacin nan naka na sha," ta ce. "To wa za mu gaya wa? Inna ta rasu, Baba ya rasu."

Shi ya sa nake gaya muku.

Matasa masu wannan ciwo, yawancinku za ku haihu lafiya. Kafin aure, ko da zarar kun fara neman haihuwa, ku tambayi likita ko maganinku na taɓa ta. Yanzu akwai wasu da za a canza muku. Kada wanda ya daina sha da kansa don ya karanta labarina, nawa yankewar ta kusa kai ni kushewa. Mace mai ciwon ta nemi ciki lokacin da ya kwanta, da sanin likitanta. Idan kuma haihuwa ta yi jinkiri, miji ya fara kai kansa gwaji, ya fi sauƙi, ya fi arha.

Na gode wa Allah da ya bar ni har na ga jikokin Saratu. Na gode wa likitocin da suka riƙe ni. Rakiya ta riga ni gidan gaskiya, shekara uku ke nan. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ba ta taɓa rashin lafiyar da aka yi mata magani ba.