Mushe Bitrus Ɗan Lamso, Mai Kurakurai Arba'in

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Bitrus Ɗan Lamso a shekarar 1919, a garin Tsibiri na ƙasar Gobir, kusa da Maraɗi. Mahaifinsa Lamso manomi ne kuma masaƙi, sunan mahaifiyarsa Tabawa. Iyayensa suna cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a wannan yanki, kuma a wurin baftisma aka ba shi sunan Bitrus, wanda ya rinjayi sunansa na gida har aka manta da shi.

Neman Ilimi

A shekarar 1927 aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, daga nan ya wuce Yamai, sa'an nan aka tura shi makarantar horon malamai a ƙasar Sudan ta Faransa, inda ya kammala a 1940. Malamansa sun shaide shi da tsabtar rubutu da taurin kai, kuma bai rabu da ko ɗaya daga cikin biyun ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin Koyarwa

Ya koyar a Tawa da Maraɗi kafin a maida shi Yamai a 1956. Ana ce masa Mushe, wato Malam a bakin 'yan lakwal ta Faransa. Fanninsa shi ne tsara rubutu, wato yadda ɗalibi zai ɗauki batu ya gabatar da shi, ya kawo hujja, ya rufe maganarsa. A wancan zamani littattafan wannan fanni daga Faransa ake kawo su, misalansu kuwa duk na ƙanƙara ne da jirgin ƙasa, abubuwan da yaron Tawa bai taɓa gani ba, balle ya yi sharhi a kansu. Shekara bayan shekara yana ganin yara masu basira suna faɗuwa jarrabawar birbe, alhali sun san amsa, tsara ta ne kawai ya gagare su.

Yana da ɗabi'u biyu da aka san shi da su. Ta farko, ba ya yar da rubutun ɗalibi, sai ya gyara shi da jar tawada ya adana a cikin adaka. Ta biyu, ya haramta wa ɗalibansa ɗaukar maganar wani ba tare da ambaton sunan mai ita ba, domin a wurinsa wannan sata ce tsagwaronta.

Aure da Iyali

A shekarar 1944 ya auri Na'omi, 'yar Dogon Dutsi, wadda take aikin ungozoma. Da suka zo Yamai sai suka zauna a Kirkisoye, ƙetaren kogin Isa, saboda a can ne ya samu fili da wurin yin 'yar garka, wato lambu. Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, biyu suka rasu tun suna ƙanana.

Wallafa Littafi

Da ƙasa ta samu 'yancin kai a 1960, sai ya ƙudura niyyar rubuta wa 'ya'yanta littafinsu na tsara rubutu. Ya buɗe adakarsa ya zaɓi rubuce-rubuce arba'in mafiya muni, ya gina darasi arba'in a kansu. Kowane darasi yana farawa da rubutun ɗalibi kamar yadda ya yi shi, sa'an nan bayanin kuskuren, sa'an nan gyara. Bisa ƙa'idarsa, a ƙarƙashin kowane rubutu ya sa cikakken sunan mai shi, da ajinsa, da shekara. A zatonsa ya darajanta su ne.

Darasi na farko ya yi magana a kan gabatarwa. Misalinsa rubutun wani Hamisu Ado ne na 1949, wanda aka ce ya siffanta kasuwar Maraɗi, sai ya cika shafi uku yana gaida malaminsa, da tambayar lafiyar iyali da gajiya da ruwan bana, har aka buga ƙararrawa bai iso bakin kasuwar ba.

A watan Maris na 1963 ya miƙa littafin ga wani kwamiti da ke duba littattafan makaranta, wanda sai da amincewarsa ake bugawa.

Shekarun Jira

Shugaban wannan kwamiti shi ne Hamisu Ado, wanda a lokacin ya zama babban ma'aikaci mai biro, wato ofis, da direba. Marigayi ya yi murna da jin haka, yana ganin aiki ya faɗa hannun na gida.

Tun daga wannan shekara, kowace Litinin ta farkon wata yakan shiga jirgin fito ya ƙetare kogi ya je neman labari. Ba a taɓa wulaƙanta shi ba. Hamisu da kansa yakan taso ya tarye shi, ya ba shi kujerarsa, a kawo ruwan sanyi, a daɗe ana gaisawa, sa'an nan ya ce masa, "Mushe, dosiyenku, takardun littafin nan, na nan bisa hanya, a ƙara haƙuri kaɗan." Wata shekara aka ce ana jiran takarda daga waje, wata shekara aka ce za a sake tsarin karatu, wata kuma aka ce mai maɓallin kabad ya tafi hutu. Haka aka yi ta yi har shekara takwas.

A 1968 ya ajiye aiki saboda raunin ido. A 1970 aka buɗe gada a kan kogin, abin da bai amfane shi da komai ba illa saurin isa wurin da za a ce masa ya yi haƙuri. Ya gaji ƙwarai, kuma bai ɓoye ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne fitowar sakamakon birbe kowace shekara, domin yakan sa a karanta masa, ya ƙidaya waɗanda suka faɗi, ya ɗauke su a matsayin yaran da littafinsa zai iya ceta. Yana tsoron ya mutu littafin yana cikin kabad.

Bayyanar Dalili

A watan Yuni na 1971 Na'omi ta karɓi haihuwar Madina, matar Hamisu, kuma a wurin wankan jego matar ta faɗa mata abin da kowa ya sani ban da mai littafin. Daga cikin mutum bakwai na kwamitin, biyar tsofaffin ɗalibansa ne, kuma dukkansu suna cikin littafin da sunayensu. Babu wanda zai yarda 'ya'yansa su karanta wautarsa a aji, babu kuma wanda zai iya duban idon malaminsa ya ce ya goge suna. Sun zaɓi su riƙa ba shi ruwan sanyi har Allah ya yi ikonsa.

Na'omi ta koma gida ta ce masa, "Malam, ba takarda a ka jira ba. Sunayen da ka sa su ne sunka tsare littahin."

Bayan kwana uku ya fito da mashin ɗinsa na buga rubutu, ya zauna a gindin darbejiya da gilashin ƙara girman harafi, ya fara sake buga littafin daga farko. Bai yarda ya bar rubutu babu suna ba, domin hakan ya saɓa wa abin da ya koyar shekara ashirin da takwas. A ƙarƙashin kowane ɗaya daga cikin kurakuran arba'in ya sa sunansa. Da Na'omi ta nuna masa cewa zai maida kansa abin dariya, amsarsa ita ce, "Ni na koya musu. In sun ɓata, ai ni na ɓata."

Aikin ya ɗauke shi wata huɗu, ya kuma cinye sauran ganinsa. Ya miƙa sabon kwafin a watan Nuwamba, kwamitin ya amince da shi cikin kwana goma sha tara.

Rasuwa

Mushe Bitrus Ɗan Lamso ya rasu a gidansa da ke Kirkisoye ranar 9 ga Fabrairu, 1972, bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara hamsin da uku, littafin kuwa yana wurin masu bugawa. An yi masa sujadar jana'iza washegari, aka binne shi a maƙabartar Kirista ta Yamai. Hamisu Ado yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, ya yi kuka sosai, kuma babu dalilin shakkar hawayensa. Kafin a rufe akwatin, Na'omi ta sa kwafin farko mai ɗauke da sunayen na gaskiya a ciki.

Littafin ya fito a watan Oktoba na wannan shekara. Masu sayar da shi a Babbar Kasuwa ba sa kiransa da sunan da ke bangonsa, sai dai su ce Kurakuran Mushe Bitrus.

Ya bar matarsa Na'omi da 'ya'ya huɗu: Musa, ma'aikacin gidan waya a Damagaram, Yohanna, malamin asibiti a Maraɗi, Jummai, tana aure a Dogon Dutsi, sai Lidiya, malamar lakwal a Yamai. Ita ce take koyar da littafin yanzu. Kowace shekara takan buɗe darasi na farko, ta karanta wa sababbin ɗalibai gaisuwar nan mai shafi uku da sunan mahaifinta a ƙarƙashi, ta jira su gama dariya, sa'an nan ta ci gaba da darasi.