Ranar da Na Shuka Daddawar Turawa

Bari in tona wa kaina asiri, tunda waɗanda za su tona duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi wauta iri-iri a duniya, wasu na manta, wasu na yi kamar na manta, amma akwai guda ɗaya da ba za ta bar zuciyata ba har ranar da za a ɗauke ni: ni ne mutumin da ya tada kunyar doya a tsakiyar Landan, ya binne arzikin wani bawan Allah a ciki, yana jiran a yi masa godiya.

Lokacin kuɗin mai ne, lokacin da in Alhaji ya shiga kanti ba ya tambayar mai kyau, mai tsada yake tambaya. Maigidana, shi ma Alhaji ne, ya sayi gida a unguwar Marylebone saboda kasuwancinsa da karatun 'ya'yansa, ya ɗauko ni daga gida in zama kukunsa, don cikinsa bai taɓa shiri da abincin Turawa ba. Ni kuwa ɗan manomin doya ne daga kudancin Zariya. Bokona aji biyu ne, shi ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina harbin kurciya.

A lungun da ke bayan gidanmu, inda nake fitar da shara, na saba da wani tsoho ɗan ƙasar Italiya. Turancinsa gurgu, nawa makaho, haka muke jan juna. Ina ce masa Baba, yana ce mini Kuku. Na taɓa ba shi goro, ya tauna sau biyu, ya dube ni kamar na ci amanarsa. Sana'arsa sayar da wani abu da Turawa ke kira tarafal. Dangin naman kaza ne, sai dai a cikin ƙasa yake zama, baƙi, mai ƙurji-ƙurji, ga wari mai cika ɗaki. Ran da ya fara buɗe mini shi na ce, "Baba, ai wannan daddawa ce." Tun daga nan na sa masa daddawar Turawa. Ƙanen tsohon ne yake tono shi can ƙauyensu ya aiko, shi kuma ya bi ƙofofin baya na gidajen abinci yana talla. Ba a dafa shi kamar gwaza, ɗan kankarewa ake yi a kan abinci, amma guda ɗaya sai ya ci kuɗin ragon layya.

Wata safiya cikin tsananin sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin, rungume da kwalba cike da ɗanyar shinkafa. A cikin shinkafar ya binne tarafal uku, biyu kamar ƙwan zabo, ɗaya kuwa ya kai dunƙulen hannuna. Ya ce matar da yake haya a gidanta ta hana shi firij, wai madararta da man shanunta duk sun ɗauki wari. Ya roƙe ni in ajiye masa kwana uku. Shugaban masu girki na wani babban otal ya yi masa alkawarin ganinsa ranar Alhamis, in hajarsa ta burge shi, daga wurinsa za su riƙa saye kullum, ya huta da yawon ƙofa-ƙofa da ƙafafunsa suka daina ɗauka. Ya nuna babban da yatsa, ya sumbace shi ta bayan kwalba. Na ce, "Baba, kamar a hannunka yake."

Ko awa ɗaya bai yi da tafiya ba Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Na ce a raina, yanzu duk wayon Bature, a ce bai san manomi ba ya sayar da irinsa ba? A gidanmu, doyar da ta fi kowacce lafiya ita ake warewa, a yanka ta gida-gida, a shafa wa bakin yankan toka don kada ya ruɓe, a binne. Guda ɗaya ta haifi goma. Tsohon nan ya taɓa gaya mini a gindin bishiya abin yake fitowa, ga bishiya kuwa a ɗan lambun Alhaji tana zaman banza. Na ce in ya tafi da ƙananan biyu ai mai otal ya ɗanɗana, babban kuma kafin damina ya cika mana buhu. Har na hango kaina na koma gida da babbar riga da rediyo, ana nuna ni.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko wuƙar nama na raba shi huɗu, ƙamshin ya bugi kaina har na yi atishawa. Na kwaso toka daga murhun falo na shafe kowane yanka. Fartanya babu, sai da ɗan shebur ɗin kwasar gawayi na tada kunya huɗu, na yi bisimilla na binne. Safe da yamma ina fita da buta ina ban ruwa, a ƙasar da ruwan sama bai taɓa ɗaukar hutu ba. Hajiya, matar Alhaji, ta hango ni ta taga, ta ce, "Kuku, me kake binnewa a lambun mutane?" Na ce, "Hajiya, ki dai jira, wannan gidan zai fara fitar da kaya ƙasar waje." Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Sarkin Noman Landan."

Ranar Alhamis Baba ya zo. Ban taɓa ganinsa haka ba: ya yi aski, ya sa kwat da wandon da daga gani na ajiya ne, takalmi yana ƙyalli. Na miƙa masa kwalba. Ya girgiza ta, ya zura yatsu cikin shinkafa, ya ɗago kai.

"Kuku, ina babban?"

Na ce, "Zo ka ga abin arziki." Wallahi da murmushi na faɗa. Na ja shi lambu, na nuna masa kunyoyina, ina yi masa bayanin yadda ubana yake yi.

Ya durƙusa a cikin taɓo da wandon nan nasa, ya shiga tono da hannu. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, sun jiƙe sun yi lugub, toka ta zama kunu a jikinsu, tsutsa ta riga mai otal ɗanɗanawa. Ya kai ɗaya hanci ya shaƙa, ya daɗe, sannan ya zauna a kan matakala. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki shebur ɗin ya kwaɗa mini. Maimakon haka sai ya yi mini karatu a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce abin nan ba a shuka shi, bishiyar ake shukawa, ita ma ba kowacce ba, shi kuma ya zo ya rayu a jikin saiwarta in ya ga dama. Ya ce ƙanensa ya fi shekara goma yana share gindin bishiyoyin da ya dasa, mutanen ƙauye suna yi masa dariya, kafin karen da yake nemo masa abin da hanci ya fara shinshino ko ɗaya. Wannan shi ne mafi girma da gonar ta taɓa ba su.

Na ce zan bi shi otal in faɗi gaskiya da bakina. Na wanke gutsattsarin na ƙunshe a hankici, muka tafi, gwiwoyin wandonsa duk laka. A ƙofar baya na yi wa shugaban masu girkin bayani da Turancina, har da kwatanta ban ruwa. Mutumin ya yi dariya sai da ya dafa bango, ya kira na ƙarƙashinsa su zo su ji. Baba yana tsaye riƙe da hularsa. Ƙananan biyun an saya, amma aka ce irin wannan girman ana samu ko'ina, in ya sake samun babba ya dawo. Bai sake samu ba. A hanyar komawa gida na yi ta maimaita masa, "Baba, don kai na yi, taimakonka na so yi." Shi dai yana gyaɗa kai.

Alhaji da ya ji labari ya wanke ni tas, ya aika wa tsohon da abin da ya aika, amma ba kuɗin tarafal ɗaya na binne ba, ƙofar da mutumin ya daɗe yana jira ta buɗe na toshe. Ya ƙara ɗan lokaci yana yawonsa, ƙafa ta ƙi, ya haɗa kayansa zai koma ƙauye wurin ƙanensa.

Yanzu da furfura ta gama da ni, abin da na koya bai fi cikin cokali ba, amma da tsada na saye shi, kuma da kuɗin wani. Amana ba a yi mata gyara, yadda aka ba ka haka za ka mayar. Kuma jahilin da ya san bai sani ba da sauƙi. Wanda ya san abu ɗaya ya ɗauka duniya duka doya ce, shi ne abin tsoro. Da na yi wa tsohon nan tambaya ɗaya, da ta ishe mu.

Ran da zai tafi ya biyo ta lungu ya yi mini sallama. Na riƙe hannunsa na sake cewa don shi na yi. Ya dube ni yana ɗan murmushi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Na ji, Kuku. Amma gaya mini, da a ce ya tsiro, gonar wa za ta zama, tawa ko taka?"