Ranar da Na Fassara Shiru

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen mutane, amma akwai wata la'asar a garin Malanville, kan iyaka da Nijar, da na san ba zai iya taɓa ta ba. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da kowa ya zama "kamarad", kuma da wuya mutane su zauna a inuwa ɗaya ba a kai labari ba. Ni kuwa na fara koyon aikin rediyo, na zo hutu gidan kawuna, bakina ba ya rufuwa.

Kawu mai sayar da albasa ne, kuma yana da doka ɗaya. Bayan sallar la'asar shi da abokansa sukan zauna a gindin mangwaro kusa da kogi, ya ɗora butar shayi a kan gawayi, daga nan babu mai magana sai an shanye finjali na farko. Yakan ce buta tana fara da raɗa, ta koma gunaguni, sannan ta sauke murya, mai surutu kuwa ba ya jin lokacin da ta ce a sauke ta. Kowa ya miƙe bayansa, ya ɗora hannu a gwiwa, ya bi numfashinsa. In ana son wani abu, sai nuni.

Nunin nan ne ya jawo mana. Wani ya kai wa jandarmomi cewa wasu 'yan kasuwa suna taro kullum da alamu, kuma babbansu yana yawan nuna tsallaken kogi, wajen Nijar. Gaskiya ne yana nunawa. Daga can iska ke zuwa, abin da yake nufi a juya murhu.

An ɗora buta ke nan sai ga jandarma, ɗan kudu, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, yaren garin. Ya ce da Faransanci shugaban taron ya yi bayani yanzu, in ba haka ba yau a ofishinsu zai kwana. Ni kaɗai ke jin Faransanci a wurin, na zama tafinta. Na buɗe baki, Kawu ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna wa baƙon tabarma.

"Me ya ce?" in ji jandarman.

"Shef, bai ce komai ba," na amsa, da laƙabin da ake girmama masu kaki da shi.

"Fassara."

Na ce ya ce a zauna. Ya zauna, don ya kama alamun da idonsa. Kawu ya miƙa hannu, jandarman ya zungure ni. Na raɗa masa: "Sukari." Kawu ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran.

A shirun nan na fara jin zuciyata tana dukan ƙirji kamar ana daka. Ba ni da abin yi, sai na bi numfashina yadda na ga suna yi, har dakan ya lafa. Na ji butar ta sauke murya, abin da ban taɓa ji ba duk zamana da su. Kawu ya ɗaga ta sama, shayi ya zubo siriri, kumfa ya taso. Jandarman ya kurɓi na farko, ɗaci ya tattare masa fuska, amma ya shanye. Na lura kafaɗunsa, da suke kusa da kunne, suna sauka a hankali. Kafin a haɗa na biyu hularsa ta faɗo kan cinya, munshari ya tashi.

Wani masunci ɗan Madekali ya leƙa fuskarsa ya ce, "Alhaji, gwamnati ta kwanta. Mu ɗauko mata matashi?"

"Ku ƙyale shi," in ji Kawu. "Yaron ga da gani ya daɗe bai zamna ba."

Jandarman ya farka ya tarar da finjali na uku a gabansa. Ya gyara hula, ya tsare ni da ido, ya ce in faɗa masa duk abin da aka tattauna.

Kawu ya ce, "Ɗana, hwaɗa mishi a taron ga shi ya fi kowa magana, kuma da hanci ya yi ta."

An koya mini a rediyo ba a ƙari ba a ragi. Na fassara yadda take, ina hango Kawu tsare a bayan kanta. Sai dariya ta ƙwace wa jandarman. Ya tambaya me zai gaya wa babbansa. Kawu ya ce ya faɗi abin da ya ji. Jandarman ya shanye na ukun ya tafi shi kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo sanye da kayan gida, ya zauna a gefen tabarma. Na fara yi masa sannu da zuwa, sai ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna mini buta.

Na yi shekaru ina cin abinci da muryata, amma ban ƙara buɗe makirfo ba sai na zauna na ji numfashina ya daidaita. A gindin mangwaron nan na koyi cewa mutum ya fara sauraron kansa kafin ya nemi a saurare shi, kuma in hankali ya tashi, a ɗora buta tukuna.